Yadda Na Je Har Inugu Neman Mai Karatu Guda Ɗaya

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A makaranta, "Hindatu, ya Anacha?" A bakin famfo, "Hindatu, da gaske an kore ki daga intanet?" Na ba da labarin nan ya fi sau goma, kuma na lura duk lokacin da na maimaita shi ramukan hanyar ƙara zurfi suke yi, kazar da ke ciki ma tana ƙara girma. Jiya har ta kusa kai tunkiya. Gara in rubuta shi sau ɗaya kafin ta zama raƙumi.

Ga wanda bai sani ba, ina da bulog, sunansa Matakan Nasara. A ciki nake ba mutanen duniya shawara kan yadda za su yi arziki, su riƙe ma'aikatansu, su tashi da asuba ba tare da an tashe su ba. Shekaruna sha shida, ban taɓa ɗaukar ma'aikaci ba, kuma sai Umma ta yayyafa min ruwa nake tashi. Amma waye zai sani?

Baba ya sani. Albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 3 a nan Fatakwal, kuma mutum ne da ba ya yarda da abin da bai latsa da yatsansa ba. Shi ya saya min wayar don karatu. Ranar da ya ga makin da na ci a lissafi ya kira ni.

"Me kike dannawa a cikin abin nan kullum?"

"Rubutu nake yi, Baba. Duniya ke karantawa."

"Masha Allah. To kawo min mutum ɗaya daga cikinta."

Na buɗe baki zan ce Yaya Sani.

"Ban da 'yan gidan nan, ban da dangi. Ban da ƙawayenki, don su ko takardar ƙunshin ƙosai kika ba su za su ce ta yi ma'ana. Mutum ɗaya wanda zai ce min da bakinsa rubutunki ya amfane shi. Jibi Gwaggonki za ta tafi da ke Inugu suna. In kun dawo babu, wayar ta koma rumfa, Sani ya dinga amsa kiran masu sari da ita."

Ku yi haƙuri, ƙawayena, shi ya faɗa, ba ni ba.

Ban tsorata ba, don ina da shiri. Na karanta cewa akwai shafukan da mutane ke ajiye linkin duk abin da ya burge su, wasu su gani su jefa masa ƙuri'a, ya yi ta hawa sama, sai ki wayi gari jama'a sun cika miki bulog kamar ana rabon shinkafa. Abin da ya rage kawai shi ne zaɓe. A bangon littafina na kimiyya na jera guda huɗu. Na farko na zaɓe shi don an ce ya fi kowanne yawan mutane. Na biyu don tambarinsa ja ne, ni kuma ina son ja. Na uku na masana ne, masu ɗaukar hoto da tabarau, na ga ajinmu ɗaya. Na huɗu har yau ban san me ake yi a cikinsa ba, amma shi kaɗai ne bai tambaye ni shekaruna ba. Kafin mu tashi na liƙa linkina a dukkansu, na ce kafin mu kai Owerri zan zama abin kwatance.

Gwaggo Talatu yayar Baba ce. Bandar kifi da kirefish take sarowa a kasuwar Creek Road ta kai Anacha, kuma ko gaisuwar mutuwa za ta, ba ta tafiya hannu rabbana. Shi ya sa tafiyar da mutane ke yi kai tsaye mu muka yi ta da kwana a Anacha. A tashar Mile 3 aka cusa buhunanta biyu ƙarƙashin kujerarmu, na uku a kan cinyata. Na shiga motar nan ina ƙamshin turaren Umma, kafin mu bar unguwarmu Diobu ƙudajen jihar gaba ɗaya sun san sunana.

A gabanmu akwai wani mutum mai kwat, da jaka a ƙirji. Yana zaune abinsa har muka shiga wani yanki na hanya inda motar ta dinga rawa, kowa ya dafe ƙugu yana salati ko kiran Yesu. Muna fita ya miƙe, ya buɗe jaka, sai ga maganin ciwon baya. Hannuwa suka yi ta tashi. Na ce lallai wannan malami ne, na ɗauki darasi. Yana zama na ture buhun, na miƙe, na gaishe da jama'a da Turancin buroka, na ɗaga wayata na fara bayanin Matakan Nasara. Ban kai mataki na farko ba motar ta faɗa ramin da ya fi na baya. Na tashi sama, na sauka a cinyar wata madam mai riƙe da kaza a kwando. Kazar ta yi ihu, madam ta yi ihu, ni ma na taya su.

"Aboki pikin, sidon!" in ji madam ɗin, wato in zauna, tana karkaɗe zaninta.

Gwaggo ba ta ko juyo ba. "Ba tare muke ba," ta ce wa na kusa da ita.

A iyakar jiha akwai shinge inda ake sauke fasinjoji, kowa ya taka da ƙafa hannu a sama har ya wuce, sannan mota ta biyo. Gwaggo ta ɗaga hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da zani, tana tafe tana mita. Ni kuwa abin ya yi min rana, don wayar na hannuna, kuma ashe can sama sabis ya fi ƙarfi. Saƙo ya shigo. Na ƙosa mu wuce in duba, ina cewa ga masu karatu sun fara zuwa. Shafi na farko ne, mai yawan jama'a, yake sanar da ni cikin ladabi cewa an rufe min ƙofa. Laifina, na liƙa linki ɗaya sau talatin a kwana biyu. Ni na ɗauka kamar talla ne. Kun taɓa ganin mai gyaɗa ta kira sau ɗaya ta yi shiru?

Na ciro biro na soke na farko. Saura uku.

Ku da kuke cewa Mile 3 akwai cunkoso, ku je Anacha ku nemi gafarar Mile 3. A can ba wanda ke tafiya, kowa gudu yake yi kamar ya bar madara a wuta. Masu baro ba sa cewa a ba su hanya sai sun riga sun taka ki. Wani ya ja hannuna zai sayar min da labule, wani ya ƙwace ni daga hannunsa zai sayar min da tayar okada. A Fatakwal mai kaya yana jira ki tambaya. A Anacha shi zai gaya miki abin da kike buƙata, kuma in kika tsaya minti biyu za ki yarda.

Masaukinmu gidan Anti Rifkatu ne, ƙawar Gwaggo, mutuniyar Kudancin Kaduna mai sayar da citta a kasuwar Ochanja. Ɗaki ne da falo, a bango ga kalandar coci, a lungu ga buta da darduma da take ajiye wa Gwaggo tun kafin a haife ni. Gaisuwarsu kaɗai ta ci rabin la'asar. Sai da aka tambayi lafiyar kowa har da akuyar da ta mutu bara. Ta kawo mana shinkafa da miyar kwakwar manja mai ganyen ƙamshi, wadda a can suke ci kamar yadda muke cin bole, wato gasasshiyar agada, da kifi. Na ci kwano biyu don kada ta ji ba daɗi.

Ina lasar cokali dabara ta zo min. Anti Rifkatu ba danginmu ba ce, kuma tana karanta Hausa sarai. Na miƙa mata wayar. Ta sa tabarau, ta fara. Na ga leɓenta na motsi, yana motsi, ya rage motsi, ya tsaya. Gwaggo ta taɓa ta.

"Ina nan, ina nan," ta ce, ta gyara tabarau. "Hindatu, shekarunki nawa?"

"Sha shida, Anti."

"Kuma ke ce kika rubuta yadda mutum zai kori ma'aikaci ba tare da ya ɓata masa rai ba?"

"Ni ce. Anti, za ki iya kiran Baba ki ce ya amfane ki?"

"Ya amfane ni kam, rabona da gyangyaɗi mai daɗi irin wannan tun Kirsimeti. Amma gobe Lahadi, 'yata. Ba zan shiga coci da ƙarya a baki ba."

Don in wanke kaina na nuna mata shafin masana, inda wani Bature ya rubuta min cewa rubutuna ya canja masa rayuwa. Ta karanta har ƙasa, inda ni ban kai ba saboda murna.

"Wannan ai maganin sanƙo yake tallatawa. Inji ne, ba mutum ba. Ko ni ya aiko min, ya ce cittata ta canja masa rayuwa."

A shafi mai jan tambari kuwa mutum biyu ne suka tanka. Ɗaya ya tambaya wane yare ne wannan. Ɗayan ya ba shi amsa cewa a ganinsa kyanwa ce ta taka madannai. Sai a lokacin na tuna wani ƙaramin abu da ban sa a lissafi ba: da Hausa nake rubutu, kuma duk cikin shafukan nan huɗu ban ga ko Audu ɗaya ba.

Ranar Litinin na bi Gwaggo Ochanja. Na ɗauka bakin titi za mu tsaya inda mutane suka fi yawa. Sai ta kutsa wani lungu mai taɓo, ta sake kutsa wani, har muka fito wani layi da ko rana ba ta san da shi ba. Matan da ke dafa abincin sayarwa na zaune suna jiranta. Kafin in gama kaɗe takalmina buhu biyu sun tashi.

"Gwaggo, me ya sa ba ki tsaya a titi ba? Can fa mutum dubu ke wucewa."

"Wucewa, kin faɗa da bakinki. Kin taɓa ganin na kai kifi layin masu takalma?"

Na ce na gane. Nan take na nemo wani dandali na Hausawa zalla, na liƙa linkina sau ɗaya tak, kamar mutuniyar kirki. Amsa ɗaya na samu, daga wani bawan Allah a Kano. Bai ce komai a kan nasara ba. Ya dai jero min kurakuraina goma sha ɗaya, ya ce wannan Hausar 'yan Kudu ce, ya rufe da addu'ar Allah Ya shirye ni. Na yi tunanin in roƙe shi ya kira Baba, don shi kam ya karanta har ƙarshe. Amma da alama shi bai amfana ba, hawan jini ya samu.

Hanyar Inugu ba ni da abin faɗa a kanta sosai, don fushi nake yi da duniya. Abin da ya sasanta mu okpa ce, da aka miƙo ta taga wajen 9th Mile. Kamar alale take, amma ta gurjiya, a ƙunshe cikin ganye, da zafinta. Guda ɗaya in kika ci sai ki ji kamar an zuba miki kankare a ciki, cikin daɗi. Na ci uku. Inugu kuma gari ne mai tuddai, mutanensa suna tafiya a hankali kamar 'yan Adam. Har na tsaya a gefen titi minti biyar ba wanda ya sayar min da komai, sai na ji kamar an raina ni.

Gidan sunan a unguwar Gariki yake, gidan haya mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Mai jegon jikar ƙanwar kakarmu ce, ko wani abu makamancin haka. Aka ba ni tire na shinkafa in tsince, na zauna cikin mata ina tsinta da hannu ɗaya ina duba waya da ɗaya. Kwana ɗaya ya rage, shafuka huɗu duk na soke su, har da wanda bai yi min laifin komai ba. Na fara hango Yaya Sani yana amsa kira da wayata, hannunsa duk ɓawon albasa.

Sai na ji ana dariya ana tsokanar wata. Sunanta Zulai, maƙwabciyar mai jego, wata huɗu da zuwanta daga wani ƙauye kusa da Gumel. Mijinta Isuhu lebura ne a wurin gini. Kuka da daddawar da ta zo da su sun ƙare, shi kuma ya ga abokan aikinsa na cin miyar shuwaka, ya sayo mata ganyen da ƙunshin ogiri ya ce ta gwada.

"Na ga abu kamar daddawa," in ji Zulai, tana rufe fuska da mayafi, "sai na juye duka."

"Duka!" Matan suka kwashe.

"Ganyen kuma na yanka na zuba kamar alayyahu. Malam ya yi loma biyu, ya ce alhamdulillahi, ya fita ya zauna a bakin ƙofa yana kallon sama. Mai gidan haya ta zo tana tambaya ko ɓera ne ya mutu a ɗakinmu."

Ita ma dariyar take yi, amma idonta ya kawo ruwa. Ta ce tun ranar shinkafa da manja kawai take dafawa, kasuwar ma tsoronta take ji, don komai na cikinta bai yi kama da abin da ta sani ba.

Bakina, wanda ba ya neman izinina, ya buɗe. "Haba Anti Zulai, ai shuwaka wanke ta ake yi kamar kayan wanki. Ki murza, ki zubar da kumfar, ki sake, har sai kin ɗanɗana kin ji ɗacin ya rage kaɗan. Ogiri kuma ɗan lakuce ake sawa. Ki dafa gwaza ki daka, ita ke ɗaure miyar."

Matan duk suka juyo suna kallona. Ni a Diobu aka haife ni, tsakanin tukunyar Umma da ta maƙwabciyarmu Mama Ngozi na girma, ban taɓa ɗauka wannan ilimi ba ne. Tambayoyi suka fara zubowa. Da me ake maye gurbin kuka? Ganyen ugu kafin a sauke ake sawa ko tun farko? Na yi ta ba da amsa ina kaɗa ƙafa.

"Rubuta mata a abin naki," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, bulog ɗina fa na nasara ne, ba na miya ba."

"To rubuta mata yadda za ta riƙe ma'aikatanta."

Na rubuta miyar. Minti goma ta ɗauke ni, ba karin magana, ba kalmomin da nake arowa a ƙamus. Zulai ta ce ita karatun allo ta yi, boko sai ta yi ta haɗa baƙi, don haka na karanta shi da murya na naɗa. Gwaggo ta karɓi wayar, ta tura wa kanta linkin da muryar, ta jefa su a guruf ɗinsu na matan Arewa mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu da Aba, inda ake sanar da haihuwa da rasuwa da zuwan motar wake. Ba shi da tambari. Hotonsa wata fulawa ce da ta dushe.

A nan na ga yadda ake ajiye abu da gaske. Wata ta danna masa tauraro. Wata ta tura wa lambar ɗanta, ta ce can ne ma'ajiyarta. Wata tsohuwa ta sa aka kwafe mata shi a bayan kalanda. Shugabar guruf ɗin, wata Hajiya a Aba da ban taɓa gani ba, ta maƙale shi a can sama inda duk mai shiga sai ta gan shi. Kafin mu tafi na ba Zulai lambar Baba, na roƙe ta kamar mai roƙon ruwa su kira shi in miyar ta yi.

A hanyar dawowa ta Umuahia da Aba wayata ba ta huta ba. Wata na tambayar yadda ake fitar da dodon koɗi daga ɓawonsa, wata na son miyar ogbono. Na dinga amsawa ina jingine, har na ce wa Gwaggo ta rage surutu ina aiki. Ta ce in na sake za ta sauke ni a Aba.

Washegari da safe Baba ya kira ni rumfa. Ina isa wayarsa ta yi ƙara, ya sa a sifika. Isuhu ne, mijin Zulai. Suka gaisa, suka tambayi aiki, suka tambayi ruwan sama, ni ina tsaye ina jira.

"Alhaji, gaskiya ni ban karanta ba," in ji Isuhu. "Iyalina ma saurara ta yi. Amma jiya na ci miyar, har na nemi ƙari. Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka."

Baba ya ce amin, suka yi sallama. Na miƙe wuya ina jiran hukunci.

"Na ji shaidarsa," ya ce. "Amma ni ba na sayen kaya a waya. Je ki dafa min irinta, a kawo min da azahar."

To, ga abin da ban gaya wa matan garuruwa huɗu ba. Ban taɓa dafa miyar shuwaka ba. Kallo nake yi, ina tsince kifin in an juya baya. Na ruga gida wajen Umma, ta naɗe hannu ta ce ita wace ce da za ta koya wa malama. Sai na jingina wayar a jikin turmi, na buɗe rubutuna, na bi shi layi bayan layi. Abin da ya ce in sa na sa, abin da bai ce ba ban sa ba. Miyar ta yi kyau a ido, wallahi har hoto na ɗauke ta.

Na kai rumfa da teba. Baba ya wanke hannu, ya yi bismillah, ya kai loma. Ya tauna a hankali. Ya kai ta biyu. Yaya Sani ya sa yatsa ya lasa, ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Hindatu," in ji Baba, "karanto min abin da kika rubuta."

Na karanto. Shuwaka, gwaza, manja, banda, kirefish, attaruhu, ogiri ɗan lakuce. Na kai ƙarshe, na koma farko, na sake bi da yatsa. Babu gishiri. Ko sau ɗaya ban ambace shi ba. Duk matan nan kowacce ta zuba nata ba tare da ta jira an gaya mata ba. A faɗin Kudu gaba ɗaya, mutum ɗaya ce ta yarda da rubutuna ɗari bisa ɗari, kuma ga ta nan tsaye da kwano a hannu.

Baba ya sha ruwa, ya goge baki, ya turo min wayar da bayan hannunsa.

"Riƙe abarki," ya ce. "Duk wanda ya bi wannan rubutun yana buƙatar lambar da zai kira ya yi ƙorafi. Ba zan bari su kira Sani ba, shi bai yi musu komai ba."